Akori-kurar da ta zauna ƙasa: sifirin, shok ko taya, ina ya kamata kuɗinka ya fara zuwa?

Ta hanya biyu akori-kura ke zama ƙasa a wajenmu. Akwai wadda lodi ya zaunar: Hilux ɗin da ta yi shekaru tana kwasar albasa daga Aliero, ko shinkafa shanshera daga fadamun Argungu da Suru, ko buhunan taki zuwa ƙauyukan da babbar mota ba ta shiga, har sifirin ɗinta na baya ya miƙe, gindinta ya sunkuya ko da babu komai a bodi. Akwai kuma wadda mai ita ya zaunar da gangan. Waɗannan ba su da yawa, amma ana ganinsu, galibi matasa ne da suka ga hotunan motocin Tailan da Amurka a waya, suka sa aka zare falle ɗaya ko biyu a baya, aka yanke sifirin ɗin gaba, aka ɗaura manyan rim. Dalili ya bambanta, amma kukan ɗaya ne: mota tana dukan ƙugu, tana tsalle a kan gargada, ta hau tudun rage gudu ka ji ƙaf daga ƙasa, na kujerar baya kuma su sauka da ciwon jiki.

Abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne sayen shok. Ni kuwa ina ganin a irin wannan mota shok ne ya kamata ya zo daga baya, kuma dalilin yana ƙarƙashin motar, inda kowa zai iya leƙawa ya gani.

A ƙasan shasi, daidai saman aksul na baya, akwai wata roba mai kauri a kowane gefe. Aikinta ta tokare aksul idan mota ta faɗa babban rami, don kada ƙarfe ya doki ƙarfe. Tazarar da ke tsakanin wannan roba da aksul ita ce duk filin da tayar baya ke da shi na hawa sama. Duk wani rami ko dutse da taya ta taka, cikin wannan fili ne sifirin ke shanye shi. Mota ta zauna da inci 2, filin ya ragu da inci 2. Idan ya ƙare, sifirin ba shi da sauran aiki, shok ma haka, duka ya wuce kai tsaye daga taya zuwa shasi zuwa kujera. A lokacin motar ta koma amalanke, sai dai tana da inji.

Na taɓa tsayawa a wani gareji a Jega ana duba wata Hilux mai ƙofa huɗu. Mai ita ya zo da sababbin shok guda biyu a kwali, yana son a ɗaura. Dattijon bakaniken ya shiga ƙasa, ya goge saman aksul da babban yatsa, ya ce, "Alhaji, ɗan durƙuso ka gani." Wurin da robar ke sauka ya yi sheƙi fes, babu tsatsa babu ƙura, alhali ko'ina a aksul ɗin jar ƙasa ce ta lulluɓe. Robar kanta ta tsage gida biyu, kuma da kyar yatsu biyu ke shiga tsakaninsu. Ya ce, "Kullum a nan take zaune. Ko shok ɗin jirgi ka sa mata, haka za ta riƙa dukanka." Wannan sheƙin shi ne shaidar da za ka fara nema a taka motar.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ka auna tazarar da tef, dama da hagu, babu lodi. Ka sake aunawa da lodin da ka saba ɗauka. Sannan ka shafa alli ko ɗan giris a bakin robar, ka bi hanyar da ka saba bi, ka dawo ka duba ko ta taɓa aksul. A nawa ganin, motar da za ta bi hanyar burji tana bukatar fili kamar inci 3 ko fiye idan babu kaya, kuma ko da lodi kada ya ƙare gaba ɗaya. In ka samu ƙasa da inci 2 a mota fanko, ka san inda ciwon yake.

Akwai ƙarin abu da ke sa mai miƙaƙƙen sifirin shan wahala. Sifirin ɗin bayan Hilux da ire-irenta hawa biyu ne: siraran fallaye masu lanƙwasa a sama, da falle ɗaya ko biyu masu kauri, kusan miƙaƙƙu, a ƙasa. An yi masu kaurin ne don su kama aiki sai an yi lodi. Idan na saman suka gaji suka kwanta, mota takan zauna a kan masu kaurin dare da rana, ko direba ne kaɗai a ciki. Shi ya sa za ka ga sifirin ya mutu amma mota ta ƙara tauri, mutum ya rasa gane yadda aka yi.

To, a nan hanyoyi suka rabu.

Mafi araha ita ce a kai fallayen wajen maƙeri ya buga su, su sake lanƙwasa. Aiki ne da aka daɗe ana yi tun zamanin akori-kurar Peugeot 404 da 504, kuma mai hannu yakan dawo wa mota da tsayinta a yini ɗaya. Sai dai bugu yana dawo da siffa ne, ba ya dawo da ƙuruciyar ƙarfe. Fallen da ya gaji zai sake kwanciya, kuma in lodin da ya kwantar da shi bai canza ba, ba za a jima ba. Sharaɗi biyu nake gindayawa. Na farko, a buga shi da sanyi, kada a sa shi a wuta. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne an huce shi ta wata ƙa'ida a masana'anta, wutar gawayi ko ta walda kuwa tana kashe wannan gashin, sai falle ya yi laushi ko ya riƙa karyewa. Na biyu, a wanke kowane falle a duba shi a rana. Wanda ya tsage kusa da ramin santa-bol, wato ƙusar tsakiya da ke haɗe fallayen, ko wanda bakin na ƙasa da shi ya ci masa rami, ba na bugu ba ne, na yarwa ne. Wannan hanya ta dace da wanda kaka ta matso, kuɗi bai shigo ba, yana son mota ta kai shi ƙarshen kwasar amfani. Magani ne na ɗan lokaci, kuma gara a ɗauke shi a haka.

Ta biyu, wadda ta fi yawa a tashoshinmu, ita ce ƙarin falle. Tana ɗaga mota, tana ƙara mata ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma ga motar da kusan kullum take da kaya, tafiyar takan gyaru sosai, domin filin da ya ɓace ya dawo. Amma abin da aka samu da lodi ana biyansa idan babu lodi. Sifirin mai tauri yana bukatar nauyi kafin ya motsa, don haka ranar da ka sauke kaya a kasuwa kana komawa gida fanko, bayan motar zai riƙa tsalle, a kwanar da ke da tsakuwa ma yana iya zamewa. Falle ɗaya a kowane gefe, mai faɗi daidai da na asali kuma kaurinsa kusa da nasu, abu ne da nake goyon baya. Abin da ba na goyon baya shi ne a yanko fallen Canter ko na wata babbar mota a cusa, ko a jera uku huɗu. Dukan da sifirin ya ƙi shanyewa ba ɓacewa yake yi ba, yana komawa kan kunnuwan da ke riƙe sifirin da kuma shasi, kuma a nan ake fara ganin tsagewa. In za a ƙara falle, a sa sabon santa-bol mai tsayin da ya dace, da sababbin yubol, wato lanƙwasassun ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul. Tsohon yubol ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba ya sake kamawa kamar da.

Ta uku ita ce a sauke tsohon sifirin gaba ɗaya a ɗaura wani, dama da hagu tare. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ita ce kaɗai ke gyara ainihin abin da ya lalace. A nan ma akwai zaɓi. Na asali irin wanda motar ta fito da shi an auna shi ne tsaka-tsaki, ya yi fanko ya yi lodi. Kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4, da yake can ma Hilux motar daji ce, suna yin sifirin hawa-hawa bisa nauyin da ke zaune a mota kullum: na mai tafiya fanko daban, na mai ɗauke da ɗaruruwan kilo a kowane lokaci daban. Galibinsu suna ɗan ɗaga mota sama da tsayinta na asali. Kuskuren da ake yi shi ne a ce a ba ni mafi ƙarfi. Mafi ƙarfin na motar da ba ta rabuwa da nauyi ne, kamar wadda aka ɗaura wa tankin ruwa ko janareta. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Kalgo da jakarsa kaɗai, in ya sa irin wannan, ya sayi ciwon baya da kuɗinsa. Akwai kuma wani nau'i mai fallaye kaɗan, masu kauri a tsakiya suna sirancewa zuwa baki, waɗanda ba sa gugar juna sai a tsakiya da bakuna. Rashin gugar nan yana sa su fi laushi a kan ƙananan gargada, amma samunsu a nan sai an yi oda, kuma in ɗaya ya karye a hanyar Zuru ba za ka samu madadinsa a kusa ba.

Mafi yawanmu dai na gwanjo za mu saya, kuma babu laifi in an duba. Ka kife su biyun a ƙasa mai daidai gefe da gefe, ka auna tsayin bakan kowanne. In ɗaya ya fi ɗaya, motarka za ta karkace. Ka duba idon babban falle inda bushin, wato robar da ƙusa ke ratsawa, ke shiga, ka kuma kankare fenti a wuri ɗaya ko biyu, domin sabon baƙin fenti yakan rufe tabon guduma da na wuta.

Kada a manta da nauyin kansa. Hilux da takwarorinta, L200 da D-Max da Ranger, kimanin tan 1 aka yi su ɗauka, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da fasinja da duk abin da aka ƙara wa motar. Buhu 10 masu kilo 100 sun riga sun cinye shi. Kowa ya san ana ɗora fiye da haka, na kuma san dalilin, kuɗin mai da na hanya ba sa barin mutum ya yi sawu biyu. Amma babu sifirin da zai ƙara wa birki ƙarfi, ko bearin ɗin aksul, ko taya. Sifirin mai ƙarfi yana ɓoye nauyin ne ga ido.

Sai balan-balan ɗin iska, wato jakar roba mai kauri da ake ɗaurawa tsakanin shasi da aksul, irin na Firestone da Air Lift. A takarda ita ce amsar mai mota biyu a jiki ɗaya, wanda Litinin zuwa Juma'a yake ofis, Asabar kuma yana gona. In za ka yi lodi ka ƙara iska, in ka sauke ka rage, sai dai ba a barinta fanko, masu yin ta suna cewa a bar aƙalla psi 5 a awon matsin iska don kada ta naɗe ta goge. Tana aiki, ba na musu. Damuwata uku ce. Siririn tiyon iskar yana bi ta ƙarƙashin mota, inda kara da ƙaya da duwatsu suke. In ta fashe, ba kayan da za ka samu a shagon kusa ba ne. Na ukun ya fi nauyi: sifirin yana raba nauyi a wuri biyu a jikin shasi, gaba da baya, ita kuwa jakar tana tattara shi wuri ɗaya a tsakiya. Mota mai ƙofa huɗu bodinta gajere ne, yawancin kaya suna zama bayan aksul. A cika jakar da iska, a ɗora kaya har kan ƙofar baya, a faɗa kwazazzabo da gudu, shasi yana iya lanƙwashewa daidai tsakanin gida da bodi. Mai son ta ya fara gyara sifirin, ta zama mataimakiya kawai, kuma kowane gefe ya samu tiyonsa daban don kada iska ta riƙa gudu daga wannan zuwa wancan a kwana.

Yanzu shok. Shok ba ya ɗaukar nauyi kuma ba ya ɗaga mota. Aikinsa ya hana sifirin ci gaba da lilo bayan an wuce rami, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi. In motarka tana lilo sau biyu sau uku bayan tudu, ko tayar baya tana rawa a kan gargada har gindin mota ya riƙa gocewa, ko ka ga mai ya jiƙe jikin shok ɗin ƙura ta manne, to ya mutu, a canza. Amma a motar da ta zauna akwai tambayar da ta riga wannan: tsayinsa ya dace da inda motar take yanzu? An yi shi ne ya yi aiki a tsakiyar tafiyarsa. Mota ta yi ƙasa, shi ma ya shige ciki, kuma yana iya kaiwa ƙarshensa kafin aksul ya kai ga roba. In haka ta faru, shok ɗin ne ke karɓar dukan, sai ya fashe ko ya karya kunnen da ke riƙe shi. A kwance ƙusar ƙasa, a tura shi sama da hannu har ya tsaya, a auna nisan da ya hau daga inda yake ɗaure. Dole wannan nisa ya fi tazarar roba, da ɗan ƙari, tunda roba tana matsewa. Wanda ya mayar da motarsa tsayinta na asali, shok mai tsayin asali ya ishe shi. Wanda ya nace sai ta zauna, sai ya nemi gajere, irin wanda kamfanoni kamar Belltech ke yi don motocin da aka zaunar, ko a samo na wata mota mai kunnuwa iri ɗaya bisa awo.

Game da iri, guda biyu ne a kasuwa. Mai bututu biyu, kamar KYB Excel-G, shi ne kusa da abin da yawancin motocin nan suka fito da shi: ya fi laushi a kwalta, ya fi araha, kuma in dutse ya loɓa bututun waje yakan ci gaba da aiki. Mai bututu ɗaya, kamar Bilstein 4600 ko KYB Gas-a-Just, yana raba mai da iskar naitirojin, kuma yana fitar da zafi da sauri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a nan. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, kana kan burji mai gargada na tsawon sa'a guda, man shok yana zafi yana kumfa, mai kumfa kuwa ba ya riƙe komai. Shi ya sa mota ke fara tafiya lafiya, can gaba ta koma lilo. Mai bututu ɗaya ya fi jure wannan, amma ya fi tauri a ƙananan ramukan gari, ya fi tsada, kuma loɓawa ɗaya a jikinsa tana iya kashe shi. Mai yawan bin ƙauyuka da kaya, na biyun ya fi masa. Mai zaman gari, na farkon ya wadatar. Shok na gwanjo kuwa caca ce, don ba ka ganin cikinsa, kuma jabu a sabon kwali ya yi yawa, don haka a sayi a wurin da za a iya komawa. Huda shok a ɗura masa mai, kamar yadda wasu ke yi, ba gyara ba ne, a mai iskar gas kuma haɗari ne ga mai hudawar.

Gaban mota labarinsa gajere ne. Hilux da yawa na kafin 2005 sandar murɗi suke da ita a gaba, wato doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa ta yi aikin sifirin, kuma masu zaunar da su ƙusar da ke ƙarshen sandar kawai suke sassautawa. A ɗaure ta ta koma inda take, dama da hagu daidai, a je alaimen, shi ke nan. Kada dai a zarce, don in aka ɗaga fiye da kima taya ba ta da filin sauka, dukan ya dawo ta wata fuska. Daga samfurin 2005, wanda ake kira Vigo, da wanda ya biyo shi a 2015, naɗaɗɗen sifirin ne a jikin shok. In an yanke shi, an yi ɓarna biyu a lokaci ɗaya: fili ya ragu, sifirin kuma ya ƙara tauri, domin raguwar zagaye tana ƙara masa tauri. Wanda aka gasa da wutar walda don ya zauna ya fi muni. Dukansu babu gyara sai canji.

Taya ita ce inda ake samun sauƙi mafi yawa da kuɗi mafi ƙanƙanta, kuma ita aka fi rainawa. Je wurin mai faci ka ce ya duba iska, sau da yawa za ka tarar an ɗura psi 50 ko 60, don an saba da motar kaya. Akwai takarda manne a jikin ƙofar direba da ke faɗin awon da ya dace, fanko da lodi. Ga taya mai lamba 265/65R17, awon fanko kusan 30 ne. Ka sayi gejinka, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, ka ƙara wa na baya ranar lodi, ka rage in ka sauke. Kada kuma a rage fiye da ƙa'ida don neman laushi, taya mai ƙarancin iska da kaya a kan kwalta mai zafi ita ce ke fashewa. Sai batun rim. Lamba ta biyu a jikin taya kaso ce ta faɗinta, ita ke nuna tsayin gefenta. A 265/65R17 gefen ya kai kusan milimita 172. A 265/50R20 bai wuce 133 ba. An yi asarar kusan santimita 4 na roba da iska, waɗanda su ne ke fara haɗuwa da bakin rami kafin sifirin ya sani. Mai rim 20 ko 22 da ke kukan duka, ya gwada aron tayoyi masu rim 16 ko 17 na yini ɗaya, in birkin motarsa ya ba da wuri, zai ji bambancin kafin ya fita unguwa. Taya mai harafin C ko LT gefenta ya fi tauri, ta dace da mai kaya da mai bin ƙaya, amma mai tafiya fanko zai ji ta a jikinsa. A kuma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar roba takan bushe ta yi tauri ko da zanenta bai cinye ba.

Ga wanda ya zaunar da tasa don ado kuma ba ya son komawa, ba zan ce masa kada ya so abin da yake so ba. Amma ya san cewa a nan ba zai samu duka biyun ba. Inci 2 ana iya zama da shi a cikin gari, in aka sa gajeren shok, aka canza robar tokare da gajeriya mai laushi wadda ke matsewa a hankali. Yanke ta asali rabi yana ba da ɗan fili, amma abin da ya rage ya fi tauri, cire ta gaba ɗaya kuwa ba a ma maganarsa. Yadda aka zaunar ma yana da tasiri. A ƙaramar Hilux wadda ba ta da giyar daji, aksul a saman sifirin yake, don haka ɗan tubalin ƙarfe tsakaninsu yana zaunar da ita ba tare da an taɓa ƙarfin sifirin ba, kuma wannan ya fi zare falle, wanda ke rage tsayi ya kuma raunana sifirin a lokaci ɗaya. In bayan haka mota ta fara kakkarwa a wani gudu, kwanar farfela ce ta canza, ana gyara ta da siririn ƙarfe mai gangara a ƙarƙashin aksul. Fiye da inci 3 ko 4 a baya, sai an yanke shasi an yi wa aksul gurbi an ƙarfafa wurin, kamar yadda ake yi a Amurka. Can motar nuni ce a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Motar da za ta ɗauki ko buhu biyar, ko ta ratsa fadama da damina, ban yarda a kai wa shasinta wuƙa ba.

Abu ɗaya da ya shafi rai, kuma ya shafi masu lodi da masu ado duka. Tsofaffin Hilux marasa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, suna da wani bawul a baya, da ɗan sanda da ya haɗa shi da aksul. Yana auna yadda mota ta zauna ne, in ta yi ƙasa ya ɗauka lodi ne, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Motar da ta zauna fanko tana ruɗinsa, sai tayoyin baya su riƙa kullewa da wuri, musamman a jiƙaƙƙiyar hanya. Duk lokacin da tsayin baya ya canza, sama ko ƙasa, a sa bakanike ya daidaita shi. Haka fitilun gaba: gindi ya sunkuya, haske ya tashi sama ya shiga idon mai tahowa a hanyar Jega zuwa Koko da dare.

In da ni ne mai motar da ke cin abinci da lodi, zan fara da gejin taya, sannan in haɗa kuɗi in sa sifirin mai kyau gefe biyu, na asali da ƙarin falle ɗaya ko wanda aka yi don matsakaicin nauyi, da sababbin bushin da yubol da robar tokare, shok mai bututu ɗaya ya biyo baya ko da wata guda ne a tsakani. In kuɗin bai kai ba, a buga fallayen da sanyi a ƙara ɗaya, a ci gaba da tara na sabo. Mai zaman gari da ke zuwa gona jefi-jefi, sifirin na asali da shok mai bututu biyu da rim 16 ko 17 sun ishe shi, balan-balan sai in lodin nasa ya yawaita. Mai ado ya dawo da ita zuwa inci 2, ya canza yankakken sifirin, ya rage rim.

Ranar ɗauri ka tsaya a wurin. Ƙusoshin da ke ratsa bushin, na idon sifirin da na shakul, wato marikin da ke lilo a ƙarshen sifirin, ba a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye a kan jak. A sauke ta ta tsaya da ƙafafunta, a ɗan girgiza ta, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, robar bushin za ta zauna a murɗe, ta ƙara wa mota tauri, ta kuma yage da wuri. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da ita ka koma a sake bin yubol da sifana, domin sababbin fallaye sukan zauna su saki, ka kuma sake auna tazarar nan dama da hagu ka rubuta a littafin mota, don ka samu abin kwatantawa bayan kakar bana.